Galan a Kan Motar Abednego

Shekara goma sha biyu da suka wuce, Abednego ya gyara fitilar cocinsu a Kafanchan ta hanyar murɗa ƙwan da ya saki. Tun daga ranar ya naɗa wa kansa sunan Injiniya, kuma babu wanda ya samu sukunin ƙwace sunan, domin duk wanda ya tsaya musu da shi sai abincinsa ya huce. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da biro uku a aljihun rigarsa, babu ko ɗaya da ke rubutu.

Yana da tsohuwar mota mai dogon baya, an rubuta "Allah Na Nan" a gilashinta na baya. Aibinta biyu ne: ba ta tashi da makulli sai an tura, kuma birkin hannunta ya mutu tun 'yarsa Stella tana firamare. Abin da ya rufa masa asiri shi ne gidansa a kan tudu yake, titin ƙofar gidan kuma ya miƙe sambal ya gangara. Da safe sai ya shiga ya zauna, matarsa Hulda ta cire dutsen da ke tokare da taya, motar ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari uku ta tashi.

A ƙarshen wannan gangaren, daidai inda titin ya ƙure, filin Alhaji Umar Faruk dilan motoci yake. A filin akwai wata farar a-kori-kura da Hulda ta daɗe da ƙwallafa rai a kanta. Ita manomiyar citta ce a Fadan Kagoma, kuma duk shekara masu motar haya ne ke cinye rabin guminta wajen kwaso kaya daga gona. Bana cittar ta yi kyau, ta bushe, buhu ashirin da huɗu na jibge a bukkar gona suna jiran mota.

Ranar Litinin suka gangara wurin Alhaji da maganar musanya. Alhaji ya zaga motar sau ɗaya, hannunsa a baya, ko bonet bai buɗe ba.

Ya ce, "Injiniya, kashe ta mu yi magana."

"Bar ta, Alhaji. A kunne take hutawa."

Alhaji ya yi murmushi. "Kullum da safe ta gabana take wucewa tana tari, na san ciwonta. Ga maganata guda: ku bar min ita, ku ɗora buhu goma na citta, ku tafi da a-kori-kura. Zan riƙe muku ita zuwa ƙarfe sha biyu na ranar Asabar. Bayan nan akwai mutumin Jos da ke so."

Hulda ta ce, "Mun yarda, Alhaji. Allah ya sa albarka."

"Wane mun yarda?" in ji Abednego, yana gyara birorinsa. "Maman Stella, ki bar maza su yi magana bizines. Alhaji, mota nan ba ƙarfe ba ne kawai, tarihi ne. Ku diloli kuna sayen giwa a kuɗin akuya. Ni da kaina zan sayar da abuna, hannu da hannu, babu ɗan tsakiya. Kafin Asabar zan zube maka kuɗin a-kori-kura a tebur, ko ƙwayar citta ɗaya ba za ka gani ba."

"Allah ya ba da kasuwa," in ji Alhaji, ya koma kan bencinsa.

Da suka isa gida Hulda ta rantse hannunta ba zai ƙara taɓa dutsen tayar nan ba. Abednego ya ce dama aikin ya fi ƙarfin mace. A ranar ya ƙirƙiro sabuwar dabara: ya bar ƙofar direba a buɗe, ya shure dutsen da ƙafa, ya bi motar a guje ya faɗa ciki. Karo na farko ya bar takalmi ɗaya a titi, amma motar ta tashi.

Kowa ya san alamar motar sayarwa: a ɗora galan ɗaya, wanda babu komai a ciki, a kan rufinta. Abednego ya yi tunani irin nasa, ya ga cewa galan ɗaya na masu ƙaramar mota ne. Ya tattaro guda biyar, har da jarkar manjan Hulda, ya jera su a sama ya ɗaure da igiya. Kafin ya gama wanke hannu, 'yan acaba sun ja layi daga ƙofar gidan har kwanar masallaci, kowa ya buɗe tankinsa.

Abednego ya fito yana washe baki. "Maman Stella, zo ki gani! Kwastoma har layi!"

Na gaba a layin ya ce, "Oga, nawa lita?"

"Wace lita? Mota nake sayarwa."

"Wannan ɗin? Mun zaci rumfar mai ce."

Sai da aka yi ta cacar baki kafin layin ya watse, wani ma ya tafi da jarkar manjan a madadin lokacinsa da aka ɓata. Abednego ya rage galan ya koma ɗaya, ya ce dama gwajin kasuwa yake yi. Daga nan ya fito da babban shirinsa, ya shelanta shi a teburin mai shayi don kowa ya ji. Dila, in ji shi, zagaye ɗaya a fili yake barin mutum ya gwada mota. Shi kuwa duk inda mai saye yake so za a je, da mansa, shi zai tuƙa, kyauta. Abin da bai faɗa ba shi ne tun daga safe har yamma ba zai kashe injin ba, don kada wani ya ga yadda ake tayar da ita.

Labari ya zaga unguwa kafin shayin ya huce.

Ta farko ita ce maƙwabciyarsu Mama Emilia, wadda ko keke ba ta taɓa saya ba. Ta zo da safiyar Talata ta dafa motar kamar mai duba saniya.

"Injiniya, ɗana da ke Abuja ya ce in duba masa mota. Amma ya ce sai wadda ke ɗaukan kaya."

"Mama, mota nan ya taɓa ɗaukan gado da katifa da surukata a lokaci ɗaya."

"Da baki ne. Ni sai na gani."

Ta fito da buhu shida na masara da awaki biyu. Suka tafi kasuwa, ta sauke, ta sayar, shi yana zaune yana ba injin wuta. Ta sayo gishiri da kwanon rufi, aka ɗora, suka dawo. Ta sauka tana kaɗa zani, ta ce motar ta yi ƙoƙari, amma ba ta ga yadda take yi da doya ba, sai ranar Alhamis.

Abednego ya shiga gida yana taƙama. "Siriyos kwastoma. Kin ga yadda ta duba ta ciki da waje?"

"Na ga yadda akuya ta cinye kujerar baya," in ji Hulda.

Ranar Laraba Meshak shugaban mawaƙan coci ya zo. Ya ce ƙungiyar na tunanin sayen mota, amma dole kowane memba ya zauna ya ji kujerar da jikinsa, kuma an yi sa'a suna da ɗaurin aure a Kagoro. Mutum goma sha ɗaya suka shiga, da ganguna biyu da tulun kiɗa. Mai babbar murya ya zauna a kan giya, duk lokacin da za a canza sai ya ɗaga ƙugu.

A Kagoro filin cocin shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, babu ko ɗan gangare. Abednego ya duba gabas ya duba yamma, bai ga inda zai gangarar da ita ta tashi ba. Ya ajiye motar a gindin taga ya bar ta a kunne. Hayaƙi ya riƙa shiga coci, amarya ta fara tari, ango ya kama. Wani dattijon coci ya fito yana toshe hanci.

"Bawan Allah, Fasto ya ce a kashe mota."

"Ka gaya wa Fasto gwaji ake yi."

"Gwajin me? Amarya ta kasa cewa ta yarda!"

"In ta yarda a zuciya ai ya wadatar. Injin nan in ya yi zafi ba a katse masa tunani."

Dattijon ya miƙa hannu ta taga ya zare makullin da kansa. Injin ya yi shiru. Bayan an tashi, Abednego ya tara mawaƙan ya ce saura gwaji na ƙarshe, wanda dila ba zai taɓa bari su yi ba: su ji nauyin motar da hannunsu. Mutum goma sha ɗaya cikin anko suka tura ta har bakin titi, Meshak na ba da amshi. Da suka iso gida Meshak ya ce za su kai maganar gaban kwamiti, kwamitin kuma yana zama bayan Ista.

Alhamis aka kai doyar Mama Emilia. Aka kai wani asibiti, aka dawo da wata daga asibiti. Wani tela ya gwada ta zuwa gidan surukansa, ya ce a jira shi ya ci abinci. Kuɗin man da Abednego ya ƙona a kwana huɗu ya isa a kwaso cittar Hulda sau biyu, ita kuwa cittar tana can a bukka, ɓeraye sun fara kai mata ziyara.

Da yammacin Juma'a Hulda ta yafa gyale ta fito ta tsaya a gaban motar.

"Baban Stella, ni ma na zo gwaji. Mu je Fadan Kagoma mu ga ko tana ɗaukan citta."

"Ke ba mai saye ba ce."

"Emilia mai saye ce?"

"Ɗanta na Abuja."

"Ɗanta na Abuja gadi yake yi a gidan mai! Gobe ne Asabar. Ka kai wa Alhaji motar nan tun da sauran ƙafafunta huɗu. Shekara biyu ina kallon a-kori-kuran nan, ka sani."

Muryarta ta yi rawa a kan maganar ƙarshe, kuma ya ji. Ya ɗan sunkuyar da kai, don ba mugu ba ne, bakinsa ne ya fi shi ƙarfi. Amma sai ya hango mutane a teburin mai shayi suna kallo, ya ɗago ya buga ƙirji.

"Gobe war haka kina cikin a-kori-kura, buhunki goma na hannunki. In ban yi ba, ki ɗora min galan a kai ki sayar da ni."

"Na ji," in ji Hulda, ta koma ciki.

Abin mamaki, ranar Asabar da hantsi mai saye na gaske ya zo. Malam Jamiluddeen ne, malamin makaranta daga Kagarko, dogo mai farin gilashi, da jaka a rataye wadda bai yarda ta bar hammatarsa ba. Ya ji labarin motar a tasha. Bai zo da akuya ba, bai zo da doya ba, kuma bai nemi a kai shi ko'ina ba. Wannan ya rikita Abednego ƙwarai.

Kafin a gama gaisawa unguwa ta cika ƙofar gidan. Mama Emilia ta fito da kujera. Meshak ya zo da rabin mawaƙansa. Motar na tsaye a kan tudu, dutse a tayarta, galan a kanta, injin na ta kaɗawa tun asuba.

Malam Jamiluddeen ya duba tayoyi, ya leƙa ƙasa, ya karanta takardu layi-layi. Ya tambayi abin da ya sami kujerar baya, Abednego ya ce sabon salo ne don iska ta riƙa shiga. Suka yi ciniki, kuma ga mamakin kowa kuɗin da malamin ya taya ya kusa isa a-kori-kura. Abednego ya waiwaya ya kalli Hulda da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga mata gira.

Malamin ya ce, "Saura abu ɗaya. A kashe ta, in tayar da kaina."

"Malam, me za ka ji a kashe? Mota ai a kunne ake saninta."

"Haka ne. Amma a gidana za ta riƙa kwana a kashe."

"Wannan kuma ra'ayinka ne. Ni ban saba mata ba."

"Tun yaushe take kunne?"

Mama Emilia ta amsa daga kujerarta, "Tun Talata, Malam. Dare kawai take samun hutu."

Malamin ya buɗe ƙofa ya zauna, ya tabbatar giya na firi, ya kashe injin. Unguwar ta yi tsit, har aka ji kukan kaza a bayan gida, abin da aka kwana biyu ba a ji ba. Ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat. Ya sake murɗawa. Ta sake cewa ƙyat, a hankali fiye da na farko.

"Kunyar baƙo take ji," in ji Abednego, gumi na bin wuyansa. "Ba ta saba da hannunka ba. Malam, ka shiga ciki ka sha ruwa, ka ba mu minti biyu ni da ita. Maman Stella, ba Malam ruwa!"

Malamin ya fito ba musu. Mutum ne mai tsari, wanda ko aji zai bari na minti ɗaya sai ya kulle. Ya ɗaga gilashi, ya rufe ƙofar, ya murɗa mata makulli, ya jefa shi a aljihu, ya nufi cikin gida. Abednego bai ga wannan ba, don ya riga ya zaga ɗaya gefen yana auna dutsen da ido. Lissafinsa mai sauƙi ne: ya shure dutse, ya faɗa ciki, ya gangara, ta tashi, ya dawo kafin malamin ya ajiye kofi.

Ya shure dutsen. Ya zago a guje ya cafki hannun ƙofa ya ja. Hannun ƙofar ya biyo shi, ƙofar ta tafi da motar.

Da farko a hankali ta fara tafiya, kamar mai zuwa gaisuwa. Abednego ya bi ta yana dukan gilashi yana cewa, "Tsaya! Ni ne!" Sai ta ƙara sauri. Ya kama bamba ta baya, ta ja shi taku goma ta bar masa bambar. Mai shayi ya ɗauke tukunyarsa ya haye benci. 'Yan acaba suka dare gefe biyu, ɗayansu na ihu, "Rumfar mai ta gudu!" Wata tsohuwa a bakin titi ta ɗaga hannu tana tsayar da ita, don ta ji an ce gwaji kyauta ne. A bayan motar, Abednego ne da bamba a hannu, bayansa mawaƙa, bayansu Mama Emilia da kujerarta a ka, can ƙarshe Malam Jamiluddeen da kofin ruwa yana tambaya ko haka take tashi kullum.

Motar ba ta kauce ko taku ɗaya ba, hanyar da ta saba bi ce kowace safiya. Ta shiga ƙofar filin Alhaji Umar Faruk, ta wuce motoci huɗu ba ta taɓa su ba, ta je ta rungumi farar a-kori-kura gaba da gaba. Fitilu suka tarwatse, ruwan lagireton tsohuwar ya tsiyaye, bonet ɗinta ya miƙe tsaye. Galan ɗin ya yi sama, ya dawo ya gangara har gaban bencin Alhaji.

Alhaji ya duba agogonsa. "Sha biyu saura minti biyar. Ita dai ta cika alkawari."

Abednego ya iso yana haki, ya jingina bambar a bango, ya gyara birorinsa. "Alhaji, ka gani da idonka. Ba direba, ba mai, ba makulli. Wace mota a filin nan za ta iya haka? Kuɗinta ya ƙaru."

Malam Jamiluddeen ya ajiye makullin da kofin a kan benci, ya yi wa kowa sallama cikin ladabi, ya tare acaba zuwa tasha da jakarsa a hammata.

Hulda ce ta iso a ƙarshe, tana tafiya a hankali. Ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskar a-kori-kurar da ta lotse. Babu wanda ya yi dariya a lokacin, har Mama Emilia.

Alhaji ya ce, "Maman Stella, mutumin Jos ba zai karɓe ta haka ba, kuma taku ta zama ta 'yan gwangwan. Ba zan kai ku ƙara ba, muna maƙwabta. Ki ɗauki a-kori-kura yadda take, injinta lafiya lau. Amma yanzu buhu ashirin ne."

Buhu ashirin cikin ashirin da huɗu. Noman shekara guda, da sassabe da shuka da tono da yanka da shanya, ya tafi a gangare ɗaya. Hulda ta share ido da bakin gyalenta sau ɗaya.

"Na yarda, Alhaji. A rubuta takarda da sunana."

Abednego ya buɗe baki. "Ashirin? Alhaji, bari maza su yi..."

Hulda ta sunkuya ta ɗauki galan ɗin, ta kaɗe masa ƙasa, ta ɗora shi a tsakiyar kan mijinta, ta daidaita shi da hannu biyu. Ta kama kafaɗarsa ta juya shi ya fuskanci titi, inda rabin unguwa ke tsaye.

"Kai ka faɗa jiya, gaban mai shayi. Kada ka bari ya faɗi."

Alhaji ya taso, hannunsa a baya, ya zaga Abednego sau ɗaya kamar yadda ya zaga motar.

"Shi ma sai an tura?"

"A'a, Alhaji. Wannan tun kafin a taɓa shi yake tashi. Birki ne babu."

Filin ya ɓarke da dariya, mai babbar muryar mawaƙa har da zama a ƙasa. Mama Emilia ta matso ta dafa kafaɗar Abednego, ta latsa damtsensa.

"Ɗana na Abuja na neman irin wannan. Yana ɗaukan kaya? Ina da sauran doya."

Hulda ta karɓi makullin a-kori-kura daga hannun Alhaji, ta buɗe ƙofar direba, ta nuna wa mijinta bayan motar, inda ake loda buhu.

"Gwaji kyauta ne, Mama, amma ki bi layi. Buhu ashirin da huɗu na jiransa a Fadan Kagoma, kuma yau ni ce kwastoma."